Gangar Lahrasab da Bijimi Mai Ido Ɗaya

Ranar da Lahrasab makaɗi ya karɓo bijimin nan daga hannun mahauci, rabin matan garinmu, Dok Karam, sun ga abin da matarsa kaɗai ke da izinin gani.

Ga yadda aka yi. Ya fito daga rumfar Banaras mahauci da hantsi, igiya naɗe a hannun dama, ganga rataye a bayansa, don mutumin ko makewayi zai shiga sai ya jingine ta a bakin ƙofa inda zai riƙa leƙenta. Bijimin, Badal, yana biye da shi salin-alin, kai a ƙasa, ido ɗaya ɗaure da tsumma. Suna zuwa kwanar masallaci sai wani reshe ya daki fatar gangar. Dum! Lahrasab ya juya ya ga mene ne, makaɗin da ke lilo a jikinta ya ƙara mata biyu. To, dabbar da aka raina tun tana maraƙi a kan wannan sauti, ina za ta san ba a filin tsere take ba? Badal ya ɗaga kai, ya turo ƙirji, ya fizga. Yana gudu ganga na bugawa a gadon bayan mai ita, ganga na bugawa shi kuma yana ƙara wuta.

A gaban rumfar shayi zariya ta tsinke. A ƙofar gidan liman wando ya yi sallama da mai shi. Da suka isa kududdufin da mata ke wanki, Badal ya ja birki cak a bakin ruwa, Lahrasab kuwa bai tsaya ba. Ya fito jagab, gansakuka a ka, ya juyo da gangar gaba ya rungume ta, ranar ta yi aikin da ba a ɗinka ta dominsa ba. Banaras ne ya biyo shi da wandon a bakin sanda kamar tuta.

"Ustad, ka manta canjinka!"

"Riƙe," in ji Lahrasab, haƙora na kaɗawa. "Ka rataye a rumfa, ƙila ƙudajenka su sami wurin hutawa su bar naman."

Kafin a gane abin da ya kai makaɗi sayen bijimin da ba ya noma, ba ya tsere, sai an koma baya kaɗan.

Lahrasab gadon kiɗa ya yi, ubansa da kakansa duk ganga ce ta ci da su. Ɗan guntun mutum ne, gangar ta kusa finsa faɗi, gashin bakinsa ja wur da lalle wai don kada furfura ta san gidansa. Katangarmu ɗaya, saboda haka in na ce har munsharinsa a kan kari yake tafiya, ku yarda. Aure, suna, kaciya, dawowar alhazai, duk shi ne. A bikin manya a ƙasa yake zama kusa da takalma, a ba shi abinci a kwano daban, bai taɓa nuna ya dame shi ba. Amma ransa na wurin tseren shanu.

Raja Gulfaraz, mai gonakin da suka kewaye garin, shi ke kiwon bijiman tsere. Yana ɗura musu madara da man shanu irin wanda mu sai ranar Sallah muke gani. Tun suna maruƙa Lahrasab ke zuwa da la'asar ya tsaya gefen fili yana kaɗa musu. Ba kiɗan biki ba ne. Wani kari ne da yake bin ƙafafunsu: da yake bibbiyu ake haɗa su, in na hagu ya fara jan jiki, sai ya nauyaya hannu a gefen gangar mai kaurin murya ya ɗago shi, in sun daidaita cikin karkiya, sai ya sakar musu siririn sautin ya kore su gaba. Har birnin Cakwal an san shanun Dok Karam da kunne suke gudu.

Mai hawa katakon da bijiman ke ja kuwa Zamurrad ne, ɗan wani manomin gyaɗa. Lahrasab ne ya yi kiɗa ranar sunansa, shi ne kuma ya fara ɗora shi a kan katako yana ɗan ƙanƙane. Yaron ya tashi ya zama mahayin da garinmu bai taɓa yin irinsa ba. Sai ka gan shi tsaye ƙyam, igiya a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, ƙura ta haɗiye shi ta sake amayo shi a gaba. Kofuna suka cika zauren Raja. Masu manyan motoci suka zana fuskarsa a bayan motocinsu, kusa da damisa da jirgin yaƙi. Duk ranar da ya ciyo, Lahrasab ke rako shi gida da ganga, yana tafe da baya da baya a gabansa. 'Ya'yansa uku duk mata ne, an aurar da su, don haka in ya ce "ɗana" kowa ya san wa yake nufi.

Sandar mahaya tana da 'yar ƙusa a baki. Kowa ya sani. In an zo maganar kowa sai ya kalli sama.

Ranar abin, bikin hubbaren waliyyi ne na bayan girbin alkama, zagayen ƙarshe, mu da maƙwabtanmu mutanen Dok Mehro, waɗanda tun kakanni ba ma barin juna su sha ruwa. Ana gab da layi Badal, ɗaya daga bijiman Raja da Zamurrad ke kora, ya yi tuntuɓe, ya durƙusa, ya tashi, amma an riga an wuce su. Zamurrad ya diro daga katako idonsa jajir. Ya zagaya gaban Badal da ke haki, ya ɗaga sanda ya shiga tafka masa a fuska. A karo na nawa ne, Allah kaɗai ya sani, ƙusar ta sami idon hagu. Lahrasab yana cikin kiɗa, hannunsa ya tsaya a sama. Ya ce tun da yake bai taɓa jin sa ya yi kuka irin na mutum ba sai ranar.

Wani ya ɗauka a waya. Bidiyon ya zaga har inda ba a san sunan garinmu ba, masu kare haƙƙin dabbobi suka shigar da ƙara, alƙali ya yanke wa Zamurrad 'yan watanni a gidan yari da tara. Raja ya dubi bijiminsa mai ido ɗaya ya ce a kira Banaras. Shi ne Lahrasab ya kwance awakin matarsa biyu masu ba da nono, ya kai wa mahaucin, ya karɓo igiya. Sauran kun ji.

Matar, Resham Jan, ba ta yi masa magana ba sai da ya bushe.

"Malam, a cikin shayinka na gobe me zan zuba? Shi wannan ƙaton za ka tatso mini?"

"Za mu sha baƙi. An ce yana gyara ido."

"Ka ba shi ya sha, shi ne mai buƙata."

Amma ita ce ta dafa ganyen darbejiya ta riƙa wanke masa ramin idon har ya warke, tana yi tana zagin Raja ƙasa-ƙasa.

Da aka sako Zamurrad, gari ya tashi tarbarsa a tasha da furanni. Aka aiko wa Lahrasab ya fito da ganga. Ya ce ba ya zuwa. Aka ɗauka wasa ne. Ba a san da gaske yake ba sai da aka rako gwarzo gida da tafi da bugun garwa, kamar ana korar fara daga gona.

Washegari aka tare shi a rumfar shayi.

"Haba Ustad," in ji Banaras. "Yaro ya yi zamansa, ya biya tararsa. Alƙali ya ce ya isa. Kai ne babbar kotu?"

"Ni makaɗi ne."

"Allah ma yana yafewa," in ji mai shayi. "Wa bai taɓa dukan dabba ba a nan? Ni jiya na jefi jakina da takalmi."

"Ka same shi?"

"Ban same shi ba."

"To ka gode wa Allah."

Aka yi dariya, amma ba ta jima ba. Wani ya ce wa ya sa aka san Dok Karam in ba Zamurrad ba. Wani ya ce mutanen birni da ke ɗaukar karnuka a mota su ne za su koya mana son shanu? Wani ya ce laifin zuciya ne, minti ɗaya, za a binne masa shekaru goma saboda shi? Lahrasab ya bari suka gama, yana juya baƙin shayinsa.

"Ku saurara. Ba na ƙin yaron nan, na fi ubansa sonsa. Ku tafa masa, ku rungume shi, ku ba shi 'ya'yanku, ban hana ba. Amma kuna ta cewa mu yafe, mu yafe. Me ya yi muku da za ku yafe? Idonku biyu-biyu ga su nan kuna zare mini. Wanda aka yi wa laifin yana bayan gidana yana tuƙa, ban ga wanda ya je ya tambaye shi ba."

"Au, sa za mu je mu roƙa gafara?"

"Ba ku ba. Shi."

Maganar ta kai kunnen Raja, ya aika aka kira shi. Lahrasab ya cire takalmi a ƙofa, ya tsuguna inda ya saba tsugunawa, kusa da ƙafar gadon igiya. Raja ya ja hayaƙin tukunyar tabarsa ya ce ya haɗa sabbin bijimai biyu, Zamurrad zai hau su a biki mai zuwa, gobe da la'asar a fito da ganga.

"Ranka ya daɗe, zan kaɗa wa shanun. Ba zan kaɗa wa mahayin ba."

"Ta yaya za ka raba su, ɗan gidan uban wa?"

"Shi ya sa na ce, ranka ya daɗe, sai dai a yi haƙuri."

"Ubanka a wannan wurin ya tsuguna, bai taɓa ce mini a'a ba."

"Gaskiya ne, Raja Sahib. Allah ya jiƙansa, shi ma bai taɓa ganin an ƙwaƙule idon sa ba."

Daga ranar bukukuwa suka ɗauke masa kamar ruwan sama. Duk mai jin tsoron Raja, wato kusan kowa, ya koma ɗauko lasifika daga Cakwal. Lahrasab ya koma yin ƙodago a gonakin gyaɗa, hannun da bai saba da fartanya ba ya yi bororo. Resham Jan ta riƙa rage faɗin gurasa har ta kai tafin hannu. Ina jiyo su ta katanga.

"Girman kai dai ba a shafa shi a gurasa, Malam."

"Ki ce in je in kaɗa, yanzu in tafi."

Can sai ta ce, "Wa ya ce ka je? Ni dai ina faɗa maka ba a shafawa."

Bikin hubbare ya zo. Raja ya yi dabara: akwai kiɗan Lahrasab na shekarun baya a wayar wani, aka jona ta da lasifika a kan tarakta. Aka saki shanu, aka saki kiɗa. Sai dai waya ba ta da ido, ba ta san ƙafar wa ta gaji ba. Na hagu ya ja baya, kiɗa na ta korar na dama, karkiya ta karkace. Suka yi kwana, suka ratsa 'yan kallo, suka shige rumfar mai suyar jalebi, irin alkakin nan namu da ake tsomawa a zuma. Zamurrad ya fito da zuma tun daga gashi har agara, ƙudan zuma na yi masa rakiya. Mutanen Dok Mehro suka yi dariya har wani tsoho cikinsu sai da aka yayyafa masa ruwa.

Da yammar nan gwarzo ya banko ƙofar Lahrasab ko sallama babu.

"Baffa, hankalinka ya kwanta? Ka tozarta ni, ka tozarta gari! Gidan yari bai ishe ka ba? Me kake so, in ƙwaƙule nawa idon in ba ka?"

"Ba ni nake bin ka ba. Zagaya baya ka faɗa masa."

Ya zagaya a fusace. Badal yana ɗaure a gindin bishiya, ya yi ƙiba, fatarsa fara da ɗigon baƙi tana sheƙi. Iska ce kawai ta kai masa warin mutumin. Ƙaton bijimin da maza shida ke riƙewa a bakin fili ya ja baya har igiya ta shaƙe shi, ya matse jikinsa da katanga yana karkarwa, fitsari na bin ƙafarsa. Yana ta juya kai yana neman ɓoye gefen da babu ido, kamar har yanzu akwai abin da za a ƙwace a wurin.

Zamurrad ya tsaya. Wannan dabbar shi ya raine ta, a kafaɗarsa take sosa goshi. Ya zauna daɓas a cikin kashin shanu da fararen kayansa, ya rufe fuska da gefen rawani. Resham Jan ta ajiye masa baƙin shayi a gefe ta wuce.

Da sassafe ya dawo da sandar. Ya ajiye ta a gaban Lahrasab.

"Me zan yi, Baffa?"

"Kwando na can. Ka fara da kashin."

Haka muka wayi gari muna ganin mutumin da ke bayan manyan motoci ɗauke da kwandon kashin shanu a ka kamar matan ƙauye. Samari suka riƙa hawa katangata, wai sun zo gaishe ni. Banaras kullum sai ya biyo: "Sannu amarya, ya gidan miji?" Zamurrad ya ci gaba da aikinsa. Ya share, ya kawo ruwa, ya yanko ciyawa, ya ajiye daga nesa. Da ya gwada matsowa da man shafa, Badal ya ba shi ƙafa a cinya, ya yi kwanaki yana ɗingishi. Ya dawo yana ɗingishin.

Sanyi ya shigo ya fita, alkama ta yi kore. Wata safiya bijimin ya miƙa wuya ya lashe mazarƙwaila daga tafin Zamurrad. Yaron ya ruga yana kiran Baffa, Baffa, zo ka gani. Lahrasab ya leƙo yana goge baki.

"Ta wane gefe ka je masa?"

"Ta dama."

"Ta inda yake ganinka ke nan. Mazarƙwaila ce, ko Banaras ya miƙa masa da wuƙa a ɗaya hannun zai karɓa. Ka je masa ta hagu, hannu babu komai. Ranar da ya tsaya maka a inda ba ya iya tsaronka, ka kira ni."

Nan fa gari ya sake ɗaukar zafi, don biki ya matso, kuma Raja ya rantse in aka sake shiga rumfar jalebi zai sayar da shanun ya sayi motar haya. Har liman ya zo ya ce, Ustad, a sassauta. Lahrasab ya ce ai ba a hannunsa take ba. Ni na san shi ma ba ya barci. Kullum yana fito da ganga ya ja igiyoyinta, ya shafa, ya mayar.

Sai da aka fara yankan alkama. Muna kan katanga, Resham Jan na bakin murhu ta bar gurasa na ƙonewa. Zamurrad ya taho ta hagu a hankali yana ɗan fito irin wanda yake yi masa tun yana maraƙi. Kunnen Badal ya motsa, fatar wuyansa ta yi rawa. Bai ja baya ba. Hannu ya sauka a kan kumatunsa, daidai ƙarƙashin ramin idon. Bijimin ya saki wani dogon numfashi, ya ci gaba da tuƙa.

Lahrasab ya juya. Ya shiga ɗaki ya ɗauko sandar nan, ya zare ƙusar da haƙori ya tofar, ya tsaga gorar, ya fere siririn makaɗi daga jikinta. Sannan ya ce wa matarsa ta dama masa lallen gashin baki.

Ranar biki Zamurrad ya hau katako da igiya a hannu biyu, babu sanda. Mutane suka yi ta gunaguni, wai kamar soja ba bindiga. Sai ganga ta tashi. Jama'a, na ji kiɗan mutumin nan tun ina yaro, ban taɓa jin irin na ranar ba. Shanun suka miƙe sambal kamar an ja zare. Suka wuce na Dok Mehro har mahayinsu ya ci ƙura ya ƙoshi. Muka yi ihu har muryoyi suka dushe.

A zagayen ƙarshe aka haɗa mu da wasu baƙi daga wajen Attok, masu shanu kamar giwaye. Aka yi kan-kan-kan har layi, suka tsere mana da tsawon wuya. Kowa ya tuna inda aka taɓa tsayawa haka. Zamurrad ya diro daga katako, ya zagaya gaban bijiman da ke haki. Ya warware rawaninsa, ya goge musu kumfar baki, ɗaya bayan ɗaya, ya jingina goshinsa a kan karkiya.

A garinmu wanda ya ciyo kofi kaɗai ake rakawa gida da ganga. Wanda aka kayar ta bayan gari yake sulalewa. Lahrasab ya gyara ratayarsa, ya je ya tsaya gaban wanda aka kayar, ya juya baya ga hanya, ya saki kiɗan gwarzaye. Raja ya buɗe baki zai yi magana, ya ga duk gari ya bi bayansu, sai shi ma ya bi. Muka shigo Dok Karam ba kofi, muna rawa kamar mun ci duniya. Badal ya jiyo daga bayan gida ya tsinke igiya, ya fito ya shige gaba, Resham Jan na bin sa da muciya.

A gaban rumfar shayi aka tsaya shan iska. Banaras, wanda tun safe bakinsa ke ƙaiƙayi, ya ƙwanƙwasa gangar da yatsa.

"To Ustad mai tausayin dabbobi, ka wahalar da yaro shekara guda saboda ya daki sa. Ga ka da sandar tasa kana jibgar 'yar akuyar da aka ɗinka wa gangar nan tun hantsi, gaba da baya. Kai wa zai kai ka kotu?"

Lahrasab ya murza jan gashin bakinsa, ya duba zariyarsa ya ga tana nan daram, sannan ya ɗago.

"Ni dai na yi haƙuri sai da ta mutu kafin na fara dukanta. Wanda ya kashe ta kuwa, ga shi nan yana washe mini haƙora."